Kantar Nawa Zan Ƙulla? Lissafin Da Ambaliyar 2020 Ta Koya Mini

Shekara goma ke nan ina koyar da lissafi a makarantar ƙauyenmu, nan kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Tarawa da ɗebewa da rabawa su ne abincina. Duk da haka akwai rabawa guda ɗaya da na kasa yi a lokacin da ya kamata, ta ci mini sulusin abin da na mallaka har da awarwaron zinaren matata. Wanda ya gyara mini ita tsoho ne da bai taɓa riƙe alli ba. Na ga ya dace in rubuta ta, domin damina na ƙaratowa, masu ɗan abin hannu sun fara zagayen manoma, samarinmu kuma sun duƙufa a kan waya suna cinikin kuɗin ƙasashen waje. Tambayar da ke gaban kowannensu ɗaya ce: da wannan jarin da ke hannuna, ciniki nawa ya kamata in ƙulla?

Shel, falle da salam

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Jazira ko na bakin Shuɗin Nilu ya san shel. Manomi na buƙatar kuɗin iri da na garma da na ciyayi a watan Yuli, aljihu kuwa wayam. Sai ya je wurin mai kanti ko wani mai hali ya karɓi kuɗi, a kan zai biya da dawa ko riɗi idan kaka ta yi. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun baro irinsa a ƙasar Hausa, can ana ce masa falle. Sunan shel ya ɓaci ne saboda yadda wasu 'yan kasuwa ke karya farashi har manomi ya wayi gari yana yi musu noma kyauta.

Idan aka tsabtace shi, shi ne abin da malamai ke kira salam: a biya kuɗi duka a zaman ciniki, a fayyace irin kayan da awonsu da ranar kawowa. Bankin Manoma na Sudan, wanda ya fara aiki a 1959, da sauran bankuna sun rungumi wannan hanya tun farkon shekarun 1990 wajen ba manoman Jazira da na Gadarif jari. Manya sun san yadda ta kaya da wasu manoman Gadarif a shekarun nan: sun ƙulla fiye da abin da gonarsu za ta iya fitarwa a shekarar fari, suka kasa biya, wasu har gidan yari. Ka ga ke nan kuskuren yawan ƙullawa yana cin mai sayarwa kamar yadda yake cin mai saye.

Ni ta ɓangaren mai saye ya ci ni.

Yadda na zuba kantar 30

A daminar 2020 zubin adashinmu na malamai, wanda ake ce wa sanduƙ, ya faɗo kaina. Na sayar da raguna biyu na ƙara. Matata ta cire awarwaronta ta ce, “Malam, ka haɗa da wannan, in an samu riba ka maido mini da biyu.” Muka yi dariya. Da na haɗa kuɗin na ga za su biya salam na riɗi kantar 30. Kantar ɗaya kusan kilo 45 ne, kuma da shi ake auna riɗi a kasuwannin amfanin gona na Sinja da Damazin da Gadarif.

Lissafina a lokacin mai sauƙi ne. Na ɗauki jarin, na raba shi da kuɗin kantar ɗaya, ya ba ni 30, na ƙulla 30. Na raba wa manoma shida, kowa kantar biyar, har ina yaba wa kaina cewa ban jibga wa mutum ɗaya ba. Abin da ban duba ba shi ne dukkansu shida gonakinsu na jere ne a kwari ɗaya, a kan baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwa.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. A ƙarshen Yuli madatsar ruwa ta Bout a jihar Shuɗin Nilu ta fashe. Ruwa ya yi ta sauka, kogi ya cika har ya wuce duk awon da aka taɓa rubutawa, jihar Sinnar na cikin waɗanda abin ya fi shafa, a farkon Satumba gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Riɗi kuwa ba ya shiri da kwanciyar ruwa. Kwana kaɗan saiwarsa na cikin ruwa sai ka ga ya yi ɗorawa ya kwanta.

Da kaka ta zo, kantar 11 na karɓa. Bakwai aka kawo mini a kakar shekara ta gaba. Huɗu na yafe, domin mai su ya rasu ya bar mata da yara, kuma ba ni da fuskar da zan tsaya a ƙofar gidan. Sauran takwas masu su suka ce ba za su iya ba, sai dai su maido kuɗi. A hukuncin salam, idan kaya suka gagara, mai saye ko dai ya jira ko ya karɓi ainihin kuɗinsa ba ƙari. Na karɓa a ƙarshen 2021. To a tsakanin nan, a Fabrairun 2021 an karya darajar jine daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, kuma a watan Yuli na shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Kuɗin kantar takwas suka dawo hannuna ba su isa sayen kantar biyu ba. In ka tattara, kusan kantar goma sun tafi daga cikin talatin.

Tambayar Kawu

Kawuna ya yi shekara arba'in yana fataucin dawa da riɗi tsakanin Sinja da Damazin. Bai taɓa yin arziƙin a-zo-a-gani ba, amma ba a taɓa jin ya karye ba, har a shekarun farin 1984 da 1990. Na je masa da labarina ina jiran ya tausaya mini. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

“Ustaz, kafin ka zuba kuɗin nan, nawa ne a ciki za su iya ɓacewa ƙurmus tukunyar gidanka ba ta sauka daga murhu ba?”

Na ce, “Wallahi Kawu ban yi wannan tunanin ba.”

Ya ce, “To yi shi yanzu.”

Na yi shiru, na ce kamar kuɗin kantar uku. Wato ushirin jarin.

“Madalla. In shekara ta ɓaci, a kowane kantar da ka biya, me kake ganin zai salwanta?”

Na ce in an yi rashin sa'a sosai, rabi.

Ya ce, “Kai ne malamin lissafi. Rabi nawa ne a cikin uku?”

Shida. Kantar shida ya kamata in ƙulla, na ƙulla talatin. Da na tsaya a shida, da ambaliyar ta zo ta wuce ta tarar da kuɗin kantar 24 a hannuna, in sayi riɗi kuɗi hannu a kasuwa lokacin kaka, ko in sa su a awaki, awarwaro kuma yana hannun mai shi.

Wannan ita ce rabawar da na kuskure. Ni na raba jari da farashi. Shi kuwa yana raba asarar da zai iya ɗauka da asarar da ciniki ɗaya zai iya jawowa. Rabawa ta farko tana gaya maka abin da kuɗinka zai iya saye. Ta biyu tana gaya maka abin da bayanka zai iya ɗauka, kuma ita ce ke yanke adadin.

Mataki huɗu

Bari in jera shi yadda nake jera wa yara a allo, da adadin misali kawai, domin farashin yau ba shi ne na gobe ba.

Na farko, ka san jarinka na gaskiya. Kuɗin abincin gida da na magani da na makarantar yara ba jari ba ne. Amanar wani ba jari ba ce. Mu ƙaddara bayan an cire waɗannan ya rage maka jine miliyan ɗaya.

Na biyu, ka yanke kason da za ka iya rasawa. Kawu ushiri yake ɗauka a damina guda, saboda sau ɗaya ake cinikin a shekara. Ushirin miliyan ɗaya shi ne 100,000.

Na uku, ka ƙiyasta mummunar asara a ciniki ɗaya. A ce kantar 50,000 ne a salam, kuma in ta ɓaci rabi zai tafi: 25,000 ke nan.

Na huɗu, ka raba. 100,000 a raba da 25,000 ya ba da huɗu. Kuɗinka zai sayi ashirin, amma huɗu za ka ƙulla. Idan amsar ta zo da ɓurɓushi, kamar huɗu da rabi, ƙasa ake komawa. Idan ba ta kai ɗaya ba, to amsar ita ce babu, ka haƙura da cinikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani zai ce, haba Malam, ai wannan tsoro ne, yaushe za a yi arziƙi da kantar huɗu? Amsar tana cikin wani lissafin da mutane ba sa so su ji. Wanda ya rasa ushirin jarinsa, ribar kashi 11 cikin ɗari ta ishe shi ya koma inda yake. Wanda ya rasa sulusi, kamar ni, sai ya ci ribar rabin abin da ya rage masa. Wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ke hannunsa. Ramin yana ƙara zurfi, igiyar fita tana ƙara gajarta. Shekara biyar ke nan, har yau ban gama cike nawa ba.

Daga Sinja zuwa Shikago

Daga baya na gano cewa manyan 'yan kasuwar duniya ma wannan rabawar suke yi. A birnin Shikago na Amurka akwai kasuwar hatsi da aka kafa tun 1848, inda ake cinikin kayan da za a kawo nan gaba. A can ba a ce maka kawo kantar kaza. Kwantiragi ɗaya na masara awo ne tsayayye, bushel 5,000, wato kusan tan 127. Idan farashin bushel ya motsa da santi ɗaya tak, kwantiragin ya motsa da dala 50. Ɗan kasuwa yakan sa wa kansa iyaka tun kafin ya shiga: in farashi ya juya mini da santi 20 zan fita. Santi 20 sau dala 50, dala 1,000 ke nan a kowane kwantiragi.

Su da yake suna ciniki sau da yawa a wata, ba sa kai ushiri kamar Kawu. Abin da aka fi koyarwa shi ne kada asarar ciniki ɗaya ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jari. Mai dala 50,000, kashi biyu nasa dala 1,000 ne, kwantiragi ɗaya ke nan. Mai dala 10,000, kashi biyu nasa dala 200 ne, bai kai ko ɗaya ba, sai ya nemi ƙaramin kwantiragi ko ya koma gefe. Dalilin ƙanƙantar kason a fili yake. Wanda ke rasa kashi biyu a kowane karo, ko ya faɗi sau goma a jere yana da kusan kashi 82 na jarinsa. Wanda ke rasa kashi ashirin, bayan faɗuwa goma abin da zai rage masa bai wuce kashi 11 ba.

Bambancin kasuwarsu da salam ɗinmu babba ne, kuma ya shafi addini. A salam kuɗi duka kake biya, saboda haka ba za ka rasa fiye da abin da ka zuba ba. A can ɗan kafin alƙalami kawai ake ajiyewa, kuɗi da kaya duka a jinkirce, yawancin masu cinikin ma ba su da niyyar karɓar ko ƙwayar masara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan cinikin yadda ake yin sa a kasuwannin nan bai halatta ba. Na kawo shi ne don a ga lissafin, hukunci kuwa kowa ya koma wa malaminsa.

Ƙanin matata da dala 200

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne ƙanin matata. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka karɓe Wad Madani a Disamba, sannan Sinja a tsakiyar 2024, karatunsa ya tsaya, aiki babu. Wani ɗan'uwa a Saudiyya ya turo masa dala 200 ya ja jari. Abokansa suka nuna masa manhajar cinikin kuɗaɗe a waya, inda ake ce maka kowace dalarka za a ninka maka ƙarfinta sau 500. Kwana uku ya zo mini ido ja.

“Yaya, wallahi ban san yadda aka yi ba. Na je sallar la'asar na dawo, babu komai.”

Na ce ya nuna mini. A wannan kasuwa awon ciniki sunansa lot. Cikakken lot kuɗi 100,000 ne, akwai ƙarami na 10,000, akwai ɗan mitsitsi na 1,000. Motsin farashi kuma ana ƙirga shi da ɗigo. A cinikin yuro da dala, ɗigo ɗaya dala 10 ne a cikakken lot, santi 10 a ɗan mitsitsin. Shi ya buɗe rabin lot, domin manhajar ta nuna masa kuɗinsa sun isa. Kowane ɗigo dala biyar ke nan. Ɗigo 40 sun isa su share dala 200, kuma ɗigo 40 motsi ne da kan faru tsakanin azahar da la'asar ba tare da wani labari ya fito ba.

Na ɗauki takarda muka yi rabawar Kawu. Kashi biyu na dala 200, dala huɗu. In iyakarka ɗigo 40 ce, ɗan mitsitsin lot ɗaya zai ci maka dala huɗu. Huɗu a raba da huɗu, ɗaya. Ɗaya ya kamata ya buɗe, ya buɗe daidai da hamsin. Ya dubi takardar ya ce, “To Yaya, ai in haka ne ribar ma ba za ta sayi katin waya ba.” Na ce yawwa, yanzu ka fahimta. Lissafin na gaya maka gaskiyar da mai talla ya ɓoye: dala 200 ba jarin wannan kasuwar ba ne. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hada-hadar kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, ta kuma taƙaita ninkin zuwa sau 30 a manyan kuɗaɗe. In mutanen da ke da lantarki da intanet ba yankewa haka suke ƙarewa, ina ga wanda sai ya hau tudu yake samun layi?

Ban yi masa faɗa ba. Da wane baki? Kuskurensa da nawa uwarsu ɗaya: ya tambayi abin da kuɗinsa zai buɗe, na tambayi abin da kuɗina zai saya.

Abubuwa uku da ƙasarmu ta ƙara

Wanda zai yi wannan lissafin a nan sai ya ƙara abu uku da littafin Shikago bai damu da su ba.

Na ɗaya, manoma shida a kwari ɗaya ciniki ɗaya ne. Ruwan da ya cinye gonar wannan shi zai cinye ta wancan. In za ka raba, raba tsakanin tudu da kwari, tsakanin riɗi da dawa, tsakanin noman damina irin na Dali da Mazmum da hawashar da ke shan ruwan madatsar Sinnar. Ko hakan ma yana da iyaka, domin yaƙi ya nuna mana ranar da hanya da kasuwa da banki za su rufe lokaci guda. Shi ya sa wani kaso na jari dole ya zauna a abin da za ka iya ɗauka ko ka kora.

Na biyu, kada ka ƙirga jarinka da jine kawai. Ka ƙirga shi da buhun dawa ko kantar na riɗi ko giram na zinare. Miliyan ɗaya ta bana da ta bara suna ne kawai ya haɗa su. Wanda aka maido masa kuɗinsa cif-cif bayan shekara ɗaya zai iya zama ya yi asarar fiye da rabi bai sani ba.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina: wanda ka ƙulla da shi maƙwabcinka ne. Sahu ɗaya kuke a masallaci, ɗansa na ajinka. Ɗan kasuwar Shikago maɓalli yake dannawa ya fita. Kai ba ka da maɓallin da za ka danna a kan gwauruwa mai marayu huɗu. Addini ya umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi. Amma mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka ba ya iya jinkirtawa, domin shi ma yunwa na ƙofarsa, sai ka ga mutumin kirki ya koma mai ƙwace akuyar maƙwabci. Da yawa daga cikin muggan labaran shel daga nan suka faro. Wanda ya ƙulla daidai ƙarfinsa shi ne ke da sararin yin sauƙi ranar da gona ta ƙi.

Manomi ma haka. Kafin ka karɓi kuɗin kantar goma, tambayi kanka abin da gonarka ta bayar a shekarar da ta fi muni, ka cire na ci da na iri, abin da ya rage shi za ka sayar tun yana kore. Albarkar shekara mai kyau ka bar ta ta zo ta same ka ba bashi.

Bana in Allah ya kai mu zan sake ƙullawa. Na zauna na yi rabawar, ta ba ni kantar uku, biyu a tudu ɗaya a kwari. Matata ta leƙo takardar ta ce, “Malam, uku kacal?” Na ce uku. Ta ce, “To awarwaron fa?” Na ce yana tafe, sai dai a ƙafa yake tahowa. Ƙanin nata kuma ya goge manhajar, ɗan'uwan ya sake tausaya masa, yanzu yana sayar da albasa da tumatir a kasuwar mako, kuma ya iya faɗa maka kwando nawa zai saro ba tare da ya taɓa kuɗin gobe ba. Makon jiya na sa wa 'yan aji shida wannan lissafin a allo, da buhunan dawa. Yarinya ɗaya ce ta fara samun amsar, 'yar mutumin nan da na yafe wa kantar huɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.